Ranar da gara ta ƙare

An kai ni ɗakin miji a watan Disamba na 2022, hunturu na tsakiyar kaɗawa. Da aka yi kwana bakwai gwaggonnina suka zo da gara: shinkafa buhu biyu, taliya da makaroni katan-katan, jarkar man gyaɗa, jarkar manja, sukari da gishiri, ban da alkaki da nakiya da dubulan da aka rarraba wa dangin miji a ranar. Sauran aka jibge mini a ɗan siton da ke jikin kicin. Tun daga nan in zan ɗora tukunya sai dai in tura ƙofa in ɗebo, kamar mai jan ruwa a rijiyar gidansu. Ban taɓa tsayawa na ce nawa ne kuɗin wannan da na zuba ba. A gidanmu ma ban saba ba. Baba ke sayowa, Umma ke aunawa, nawa hura wuta ne da tuƙi.

Maigidana malamin sakandare ne. Malam nake ce masa, shi kuma har yau da muke da 'ya Amarya yake kirana. Kullum kafin ya fito da babur zai ɗaga filas ɗin shayi ya sa naira 1,500 a ƙarƙashi. Kuɗin cefane ke nan: kayan miya, ɗan nama ko kifi, wani lokaci har da canjin awara da yamma. Ko a Fabrairun 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo bayan sauya fasalin naira, mutane na wuni a layin banki, mai kayan miyan layinmu ya rantse ba ya karɓar tiransifa, mu ba mu ji a jikinmu sosai ba. In babu tsabar kuɗi sai in dafa taliya da mai da yaji mu ci muna dariya. Na ɗauka iya zaman aure nake yi, ashe gara ce ke yi mini aikin.

Azumi ne ya ƙarasa ta. Kullum akwai kwanon Hajiya, mahaifiyarsa, akwai abokansa masu zuwa shan ruwa, akwai maƙwabta. Mako biyu bayan ƙaramar sallah na kama buhun shinkafa na biyu ta gindi na zazzage a faranti, abin da ya fito bai cika gwangwani biyu ba. Ba a rufa wata ba, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi ta a guje.

Malam ya mayar da kuɗin ƙarƙashin filas 2,000. A ganinsa ya yi ƙoƙari, kuma tsakani da Allah ya yi. Sai dai yanzu a cikin 2,000 ɗin nan zan sayi shinkafa gwangwani-gwangwani a shagon layi, in sayi mai a ƙullin leda, in sayi tattasai da albasa. Sayen ƙulli kuwa babu sayen da ya kai shi tsada. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan kuɗin leda da ladan ƙullawa. Ina da keken ɗinki cikin kayan ɗakina, ina ɗinka wa matan layi hijabi da kayan yara, sai na fara cikawa daga nan. Yau 500, gobe 700. Ban faɗa masa ba. Daren da za a kai ni an yi mini faɗa iri-iri: mace tagari mai rufa wa mijinta asiri ce, ba ta yawan bani-bani. Na riƙe wannan gam. Amma can ƙasan zuciyata ina jiran ya lura da kansa ya ce sannu. Ta ina zai lura? Shi dai yana dawowa ya tarar da abinci a kula.

Wani dare yana cin tuwo yana laluben miya, sai ya ce, “Amarya, yau kuma naman ya tafi yajin aiki ne?” Da wasa ya faɗa, har yana murmushi. Ni kuwa a ranar kuɗin ɗinkin wata maƙwabciya na saka gaba ɗaya kafin tukunyar ta hau wuta. Na tashi na shige ɗaki. Kwana biyu daga “ina kwana” sai “sannu da zuwa”, ba ƙari. Shi bai san laifinsa ba, ni kuma ina ganin ai ya kamata ya sani. A irin wannan shirun ne shaiɗan ke samun tabarma. Na fara tambayar kaina ina albashin ke tafiya, me ya sa in an kira shi a waya wani lokaci yake fita zaure. Wata shida da aure, har na gama yi masa budurwa a raina, na zaɓa mata unguwa.

Ranar Juma'a na nemi izinin zuwa gida. Ban nufi wurin Umma ba, don na san abin da za ta ce, haƙuri. Na wuce cikin gari wurin Gwaggo, yayar Babanmu, wadda ta fi shekara talatin tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba a cin ta ko sisi. Na zauna na zazzage mata komai har da hawaye. Ta bar ni na gama tana ta murza tunkuza, sannan ta ce:

“Kwano nawa kuke ci a wata?”

Na ce ban sani ba.

“Shi nawa yake ɗauka?”

“Haba Gwaggo, ai ba a tambayar namiji albashinsa.”

“To ke ba ki san abin da ke shigowa ba, shi bai san abin da ke fita ba. Makafi biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja masa gora. Tashi ki koma ɗakinki, 'yar nan. Kada ki ce masa komai tukuna. Ki yi wata guda kina ƙirga abin da ya shiga tukunyarki, sannan ki dawo mu yi magana.”

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ja layi uku a kowane shafi: abin da aka saya, kuɗinsa, daga aljihun wa ya fito. Na ware gwangwanin madara guda na ce shi ne ma'aunina, na daina ɗibar shinkafa da ido. Watan Yuli gaba ɗaya na yi ina wannan, littafin na ɓoye a ƙarƙashin yadikan ɗinki. Na shiga ne da niyyar tara hujja a kan Malam, amma wadda littafin ya fara kamawa ni ce. Ashe hannun gidanmu na taho da shi, gidan da ake ɗora tukunyar mutum goma sha. Mu biyu ne da almajirinmu, ina dafa abincin mutum biyar. Wani a ɗumama, wani a bayar, wani ya kwana ya lalace don babu wuta balle firji ya yi sanyi. Mai kuwa tuttula shi nake kamar ba da kuɗi ake saye ba. Da na gyara hannu, lissafin wata ya tsaya a shinkafa kwano 5, masara kwano 4, wake 2, gero 2.

Da na koma, Gwaggo ta sa na karanto mata, tana ƙirgawa da yatsu. Ta ce a shekara ke nan muna bukatar shinkafa buhu ɗaya da rabi, masara buhu da 'yan kai, wake da gero kowanne ya ɗan haura rabin buhu, tunda buhu kwano 40 ne. Ta ce duk mai hankali da kaka yake sayen abincinsa, lokacin da manomi ke neman kuɗi hatsi na neman mai saye, ba da bazara ko tsakiyar damina ba da rumbuna suka yi ƙasa. Sannan ta koma kan layi na uku, inda na tara abin da na cika daga kekena, ta yi shiru.

“Ciyarwa tasa ce, Allah ne ya ɗora masa. Kuɗin kekenki naki ne. In za ki ba shi, ki faɗa da bakinki, kyauta ce ko rance. Abin da ke cin aure shi ne kyautar da ake bin ta bashi a zuci.”

Har lokacin da zan yi maganar sai da ta zaɓa mini. Kada in tare shi a ƙofa da littafi. In bari ya ci, ya yi isha'i, ya miƙe ƙafa. Kuma ban da “kai kullum” da “ba ka taɓa”.

Haka na yi. Na dafa shayi da citta da kanumfari, na zauna kusa da shi na ce, “Malam, ina da aikin gida da nake so a duba mini.” Ya karɓa yana dariya, ya jawo jan bironsa daga aljihun rigar da ke rataye, halin malamai. A shafi na huɗu ya kama ni da kuskuren tarawa, ya zagaye shi da ja, ya ce da ɗalibarsa ce da ta sha bulala. Yana ta buɗawa har ya kai shafin ƙarshe. Nan dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon jimillar layi na uku.

“Wato wata uku kina ciyar da ni ban sani ba?”

Ban zaci abin zai yi masa ciwo haka ba. Na shirya wa musu, ban shirya wa kunya ba. Ya ce da na faɗa masa tun farko da ya san yadda ya yi, ko da darasin yamma ne ya ƙara. Ya ce shi rabonsa da shiga kasuwa sayen kwanon shinkafa tun yana saurayi, farashin da ke kansa na bara ne. Can ya ɗauko waya, ya nemo saƙon banki na ƙarshen wata ya miƙo mini. Ban taɓa jin wata ƙawata ta ce mijinta ya yi mata haka ba. Na ga albashin, na kuma ji inda yake tafiya ɗaya bayan ɗaya: tarin kuɗin haya, man babur da ya ninka kusan sau uku, maganin hawan jinin Hajiya, kuɗin makarantar ƙaninsa, adashin malamai. Kiran da yake fita zaure ya amsa kuwa na mai gidan haya ne. Budurwar da na zaɓa wa unguwa ta mutu a daren, ban ko yi mata ta'aziyya ba.

A wannan zaman muka yanke cewa za mu yi sayen kaka. Saura wata huɗu, kuma kuɗi ba sa faɗowa daga sama. Ɗibarsa ta adashi a watan Maris take, ya roƙi wani abokin aikinsa suka yi musaya ta dawo Nuwamba. Ni kuma na ce abin da na cika a baya na yafe, kyauta ce, na faɗa da bakina kamar yadda aka umarce ni. Abin da zan sa a gaba kuwa rance ne, ya rubuta da hannunsa ya sa kwanan wata. Wata za ta ce wannan ai rashin kara ne tsakanin mata da miji. Ni na gwada karar na ga inda ta kai ni. Muka rage lemon kwalba da taliya, wake da duk abin da ke daɗewa a wuta ya koma kan gawayi don gas ya yi auki, nama ya zama na Juma'a da ranar baƙi.

Ƙarshen Nuwamba muka tafi Dawanau, kasuwar hatsin nan da ke kan hanyar Katsina, wadda ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma. Da farko ya ce in zauna a gida, ba wurin mata ba ne. Na ce ni zan dafa, ni ya kamata in ga abin da zan dafa. Gwaggo ta haɗa mu da ɗanta, yayana, wanda ya san kan kasuwar. Da mu kaɗai muka je da mun sha kunu, don tun daga bakin titi dillalai suka yanyame mu, kowa na cewa nasa ne sabon zuwa. Tireloli na sauke kaya wasu na lodi, 'yan dako na gudu da buhu a ka suna “hanya, hanya”, ƙurar hatsi na shiga hanci. Yaya bai kula kowa ba, ya kai mu can ciki wurin mutumin da ya saba da shi.

A nan na koyi abin da ba a koyarwa a aji. Ana soka wa buhu wani bututun ƙarfe ya fito da ƙwayar ciki, kuma ba a yarda da ta sama kaɗai, sai an soka tsakiya da gindi. Masara sai ka sa a baki ka ciza: in ta ce ƙas ta fashe, ta bushe, in haƙori ya nutse, da sauran danshi, za ta yi fumfuna a ajiye komai arharta. Wake a duba ido, a duba ko akwai 'yan fararen ɗigo a jikinsa, don ƙwan ƙwari ne. Yaya ya sa aka farke buhun aka auna a gabanmu kwano-kwano zuwa sabon buhu. Mai kayan bai ji haushi ba, ya ce haka masu saye don ci suke yi. Muka ɗauki masara, gero, wake, da 'yar dawa saboda Malam na son tuwonta. Shinkafa kuwa ba a nan muka saya ba. Wani abokinsa ɗan Kura ya kawo mana 'yar Hausa, kuma buhu ɗaya kuɗin suka isa, ba ɗaya da rabi ba. Tana da tsakuwa, sai an rege, amma tana da auki, kuma in ta sha mai da yaji da wake ba ka neman 'yar waje.

A daidaita sahu biyu suka kawo mu gida. Malam ya samo katako aka jera a siton, muka ɗora buhunan a kai, ba su taɓa ƙasa ba, ba su jingina da bango ba. Na tsaya a ƙofa ina kallo. Siton ya koma kamar ranar gara, sai dai wannan karon na san kuɗin kowace ƙwaya.

Wake ne ya koya mana hankali. Yadda Gwaggo ta ce a yi shi ne a samo jarkokin mai da suka ƙare, a wanke da ruwan zafi da omo, a kife su kwana uku har ɗigon ruwa ɗaya bai rage ba. Waken a shanya shi kwana biyu a rana, a bakace, a bari ya huce, sannan a ɗura da mazurari ana jijjigawa har ya zo wuya. A sa leda a baki a murɗa murfi tam. Ba magani, ba komai. Ƙwarin da ke ciki iska suke shaƙa kamar kowa, in ta ƙare sai su mutu da su da 'ya'yansu. Dabarar ɗaya ce da ta buhun nan mai ruɓi uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda manoma ke ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na fi natsuwa da wannan a kan zuba wa abin da zan ci maganin ƙwari. Jarka mai lita 25 tana cin kusan kwano 8, mu kuma biyu muka samu. Sauran waken muka bar shi a buhu, da cewa Malam zai samo jarka ta uku “cikin satin nan”.

Satin nan ya kai Fabrairu. Ranar da na sa hannu a buhun na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na ɗebo, kowace ƙwaya da ƙofa da taga, gari na zuba, ƙwari na tashi. Na zauna a ƙasa kamar in yi kuka. Da ya dawo ya fara cewa ai da na tuna masa. Ban ce uffan ba, na ɗauko littafi na buɗe shafin da ya rubuta da jan bironsa: “Jarka ɗaya, Malam.” Ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce, “Wannan littafin ba shi da kara.” Da a da ne, wannan maganar kwana uku za ta ci. Muka baza waken a rana, na tankaɗe, na tsince wanda zai tsintu, aka haɗa da alabo aka niƙo garin ɗanwake. Mun ci ɗanwake a watan nan har almajirinmu ya fara tambaya ko lafiya. Na jarka kuwa da na buɗe bayan wata biyar, kamar ranar aka ɗura.

Masara ba ta ba ni wahala ba, illa na gane kada a niƙa da yawa. Kwano biyu nake bayarwa a surfa, in wanke, in shanya, a niƙo. Garin da ya daɗe lokacin zafi ɗaci yake yi. Gero kuma kafin azumin 2024 na jiƙa, aka markaɗo da citta da kanumfari da ɗan barkono, na tace, na shanya gasarar ta bushe ƙarau, na samu garin kunun da ya kai mu sallah.

Tumatir ma lokacinsa ne a watannin sanyi, sa'ad da na noman rani ke fitowa daga Kadawa da kewayenta, inda ruwan madatsar Tiga ke bi. Malam ya sayo kwando a 'Yankaba, da tattasai da attaruhu. Na wuni ina yankawa, na baza a kan buhuna a saman rufin kicin, na lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Wani na markaɗa na dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, na ɗura a kwalabe na tsiyaya mai a kai. Kwalba biyu sun yi tsami, ina jin ban bari sun bushe sosai ba kafin in zuba. Busasshen kuwa shi ya fitar da mu kunya da damina ta kawo kai, lokacin da tumatir ya yi tsadar da mata suka koma miyar kuka ba don suna marmarinta ba. In jiƙa shi a ruwan ɗumi, in haɗa da albasa a markaɗo, miya ta yi ja.

Abin da ban hango ba shi ne mutane. Gidan da ake sayen ƙulli babu mai roƙonsa, gidan da aka ga an sauke buhu kuwa labari ya riga ya zaga. Wata rana na lura shinkafa ta yi ƙasa fiye da lissafi. Ashe ƙanwarsa ta zo ina unguwa, ya ɗebar mata kwano uku. Na fara kumbura, sai na tuna ni ma makon da ya wuce na aika wa Umma masara kwano biyu ban gaya masa ba. Ɓarawo ya kama ɓarawo. Hana dangi ba zai yiwu ba, kuma ba ma so. Abincin da ba a ci da kowa ba shi da albarka. Sai muka ware babban bokiti mai murfi. Duk farkon wata in na ɗebi na girki, sai in zuba wani abu a ciki. Wanda ya zo, daga nan za a ba shi, ko ni ko shi, ba sai an nemi izini ba. In ya ƙare, sai wata ya kama.

Duk da haka magana ta kai kunnen Hajiya cewa amarya ta sa wa sito kwaɗo, ƙwayar shinkafa ma sai ta rubuta, halin 'yan boko. Kwaɗo kam akwai, amma saboda ɓera da ƙofar da ba ta rufuwa ne. Malam ya ce zai je ya yi bayani, na ce a'a, wannan tawa ce. Na ƙulla busasshen tumatir da garin kunu da daddawa, na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Hajiya, ga abin da muka ɗan tanada, na ce bari in kawo ku sa mana albarka.” Ta buɗe, ta sansana garin kunun, ta tambayi wa ya koya mini. Daga nan hira ta ɓalle. Ta ce a ƙauyensu da tana amarya rumbu ne, maigida ke hawa ya fito da dami, mace ko leƙawa ba ta yi, sai dai in ta ga damin ya fara ƙanƙancewa ta san shekara ta yi nisa. Ta ce, “Ku yanzu har kun samu ana nuna muku lissafi.” Ban gane yabo ba ne ko gori, ban kuma tambaya ba. Da zan tafi ta ce in kaka ta zo a gaya mata, za ta kawo nata kuɗin a haɗa a sayo mata gero.

Zaman littafi ya koma na daren Juma'a. Lissafin kansa ba ya wuce minti goma, amma shayin kan kai mu sha ɗaya. A nan na fara jin sunayen ɗaliban da ke ba shi ciwon kai, a nan na gaya masa ba na son yadda yake shigo da baƙi ba sanarwa, shi kuma ya gaya mini shirun da nake yi in na yi fushi ya fi masa zagi ciwo. Ban daina gaba ɗaya ba, hali zanen dutse, amma yanzu ba ya kwana biyu. Rancena ya biya a watan Afrilu, ya soke layin da ja, ya ce in sa hannu a gefe.

Ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikice a Kano aka sa dokar hana fita, ina da tsohon ciki. Shagon layi a rufe, mai kayan miya bai fito ba. Na tura ƙofar sito na ɗebo shinkafa da wake, na jiƙa busasshen tumatir. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko ina da ɗan gari, yara ba su karya ba. Bokitin nan muka miƙa mata gaba ɗaya. Shinkafar ba ta kai mu sabuwar kaka ba, a watan Satumba ta ƙare muka koma tuwo dare da rana, amma masara da gero sun kai.

Da Nuwamba ta zagayo ina zaune a tsakar gida da jaririya a baya ina wanke jarkoki, sai ga Malam ya shigo da babur, ya ɗauro wasu biyu a baya da igiyar roba. Ya sauke su a gabana, ya shiga ɗaki ya fito da littafin, wanda yanzu na uku ne, ya buɗe ya miƙo mini biro.

“Amarya, rubuta da hannunki. Jarka biyu, Malam, an kawo.”